Gafakar Kakanki: Ta Ina Za Ki Fara Nemansa?

Wata ɗaliba daga Zariya ta aiko da wannan tambaya: "Malam, kakarmu ta rasu bara. Da aka zo gyara ɗakinta sai aka sami wata gafaka a ƙarƙashin gado, cike da tsofaffin takardun mijinta, wato kakanmu, wanda ko mahaifiyata ba ta yi wayo da shi ba. Ban iya Larabci ba, ajamin ma da ƙyar nake haɗa baƙi. Na yi karatun tarihi a makaranta amma ban taɓa jin ya shafe ni ba. Shin takardun nan za su iya sada ni da mutumin da ban taɓa gani ba, ko kuwa in kai su gidan tarihi kawai?"

'Yata, Allah ya jiƙan kakarki, ya jiƙan mai takardun, ya sa sun huta. Za su iya sada ki da shi, kuma kada ki yi gaggawar rabuwa da su. Na daɗe ina zama da irin waɗannan takardu, a ɗakunan ajiya na hukuma da kuma zaurukan malamai, kuma abin da na fi lura da shi shi ne masu neman kakanninsu sukan zuba ido a tsakiyar shafi. Mutumin da kike nema yana bakin shafi, yana tsakanin layuka, yana kuma shafin ƙarshe.

Bari in faɗa miki abin da zai faru in kin kai gafakar wurin malamin unguwarku. Zai buɗe tadarishi, ya duba layi biyu, ya ce miki, "Ai wannan Risala ce," ko Ahalari, ko Ishmawi, ko Iziyya, ko Ishiriniya, "ana sayar da bugaggunta a kasuwa." Gaskiya ya faɗa, amma kada gwiwarki ta yi sanyi. Risala dai ta Ibn Abi Zaid ce, malamin Ƙairawan da ya rasu tun shekarar 996 miladiyya, kuma ba gari a ƙasar Hausa da ba a kwafe ta ba. Maganar da ke ciki tasa ce. Amma hannun da ya feƙe alƙalamin gamba, ya tsoma a tawada, ya bi ta baƙi bayan baƙi har wata da watanni, wannan hannun na gidanku ne, ko na malamin da ya karantar da na gidanku. Shi za ki bi.

Ki fara da shafin ƙarshe na kowane littafi. Sau da yawa za ki ga rubutun ya riƙa tsukewa yana gangarowa ƙasa kamar bakin mazurari. A nan mai kwafa yake ajiye maganar mawallafi ya yi tasa. Yakan ce littafi ya kammala da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa, ya ambaci sunansa da na mahaifinsa, wani lokaci har da garinsu, ya faɗi ko wa ya rubuta wa, kansa ko malaminsa ko wanda ya biya shi lada. Sa'an nan ya roƙi gafara ga kansa da iyayensa da malamansa, ya kuma roƙi duk wanda ya duba littafin ya gyara kuskuren da ya gani, ya sa shi a addu'a. Ki tsaya a kan wannan roƙon. Littattafan tarihin da kika karanta a makaranta labarin magabata suke ba ki, ba ruwansu da ke. Wannan kuwa mutum ne ya san zai mutu, ya san takardar za ta fi shi daɗewa, ya bar saƙo ga wanda zai ɗauke ta bayansa. Ga shi ke kika ɗauka. Akwai abin da yake nema a wurinki, kuma kina da ikon ba shi yau ɗin nan.

Na ga yadda wannan ke taɓa mutum da idona. Wata rana a wani zaure cikin birnin Kano, wani dattijo ya fito mini da littafin fiƙihu da ya gada, an ɗaure da tsirkiyar fata, gefen takardun ya yi baƙi saboda yawan juyawa. Ya ce tun yana yaro yake ganinsa amma bai taɓa lura da ƙarshensa ba. Muka juya tare. Mai kwafar ya rubuta cewa ya gama ranar Alhamis bayan la'asar a watan Rajab, ya nemi a yi masa uzuri a kan kurakurai domin ciwon ido ya dame shi. Da na duba shafuka goman ƙarshe sai na ga lalle baƙaƙen sun ƙara girma, layukan sun fara karkacewa. Da na karanta sunan sai dattijon ya yi shiru. Can ya ce sunan yayansa ne, wanda mahaifiyarsu ba ta taɓa kira da sunan yanka ba har ta koma ga Allah, sai dai ta ce Abba. Ya san an yi wa wani takwara, amma sai ranar ya ga rubutun mai sunan, ya san har ciwon ido ya yi. Ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a, muka shafa, muka daɗe ba wanda ya ce uffan.

Game da shekara, wasu sukan rubuta ta da lamba, wasu kuma da ramzi, wato su dunƙule ta cikin kalma ɗaya da kowane baƙinta yake da ƙima. Lissafin da malamanmu suka bi na Magariba ne, ya ɗan bambanta da na Gabas, don haka a kula: shin dubu ne, ra ɗari biyu, sin ɗari uku. Saboda haka in kalmar ta fara da shin da ra, ana cikin shekarun 1200 na hijira, in kuwa shin da sin ne, an shiga 1300. Misali, shin da ra da lam da ba sun ba da 1232, shekarar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu. In kina son juya ta zuwa miladiyya, ki ninka da 0.97 ki ƙara 622, za ki faɗa kan 1817 ko dab da ita. Waƙoƙin ajami na wa'azi da yawa da ramzi suke rufewa a baitocin ƙarshe, tare da sunan mai waƙar. Sai dai ki rarrabe shekarar da aka wallafa da shekarar da aka kwafa, domin mai kwafa yakan ɗauko ta mawallafi yadda ya same ta.

In ba a rubuta shekara ba, takardar da kanta tana da abin faɗi. Ki ɗaga warƙa ɗaya a hankali ki tara ta ga hasken taga. Mai yiwuwa ki ga jinjirin wata guda uku a jere cikin jikinta, ko fuskar wata a cikin garkuwa. Wannan takardar Italiya ce, mafi yawanta daga masana'antun arewa maso gabashin ƙasar, kamar na gidan Galvani da ke Fordenone. A ƙarni na 19 ta kan biyo ta Tarabulus da Misra, ta ratso Sahara a bayan raƙuma, fataken Gadamas da ire-irensu su sauke ta a Kano da Borno. Ki yi tunanin tsadar abin da ya yi wannan tafiya. Shi ya sa za ki ga ba a bar ko tafin yatsa a banza ba, kowane gefe an cike shi. In kuwa takardar mai layi ce irin ta littafin makaranta ko ta ofis, to an shigo zamanin Turawa. Haka tawada: ta zuge, wadda ake yi da gawayi da ƙaro, ruwa na wanke ta, ita ce ta allo. Ta rubutun littafi akan dafa ta da bagaruwa da ƙarfe don ta kama, kuma ita ce in ta tsufa takan koma ja-ja-ja, wani lokaci ta cinye takardar har baƙin ya zama rami.

Yanzu ga wurin da na fi son ki daɗe, wato ƙananan rubutun da ke tsakanin layuka da gefe. Ɗalibin zaure yana zaune gaban malaminsa, malam yana karanta Larabci yana fassarawa, shi kuma in kalma ta yi masa wuya sai ya rubuta ma'anarta a ƙarƙashinta da ƙaramin alƙalami, da Hausa ko Fulatanci. A Borno akwai tsofaffin Alƙur'anai da aka yi wa irin wannan da tsohon Kanembu. Waɗannan 'yan kalmomi su ne muryar kakanki. Daga gare su za ki san abin da ya ba shi wahala, da babin da ya fi komawa kai, domin nan ne takarda ta fi dauɗa. Idan babin gado ne ya sha rubutu, ƙila shi ake kira rabon gado a unguwa. Idan babin ciniki ne, ƙila ɗan kasuwa ne mai tsoron cin haram. Har karin harshensa za ki ji. Na sha ganin iyali da suka ɗauka tun fil azal su mutanen gari kaza ne, sai ga Sakkwatanci ko Katsinanci tsantsa a gefen littafin kakansu, daga nan aka tuno wani ƙaura da aka daɗe da mantawa.

Rashin iya Larabci kada ya hana ki. In kin yi makarantar allo kin wuce babbaƙu da farfaru da Warshu, to idonki ya riga ya san wannan hannu: fa mai ɗigo a ƙasa, ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama, da babban ɗigon imala a ƙarƙashin baƙi wanda a ajami yake ba da sautin "e". Wahalar ajami ita ce ba shi da ƙa'ida ɗaya, kowane malami da yadda yake rubuta tsa da ca da ɓa. Maganin wannan shi ne ki karanta a bayyane, ba a zuci ba, kuma ki yi kusa da tsoho ko tsohuwa. Abin da ido ya kasa, kunne yakan kama. Sau da yawa nakan maƙale a kan kalma, ina furta ta iri-iri, sai wata gyatuma daga bayan labule ta ƙarasa mini baitin gaba ɗaya, domin da shi ake yi mata reno.

Sai kuma 'yan guntayen takardu da za ki tarar an cusa tsakanin warƙoƙi, da kundi in akwai. Kada ki raina ko ɗaya, kuma kada ki cire shi daga inda yake kafin ki ɗauki hotonsa a wurin. A irinsu ake samun ranar haihuwar yara, da ranar da wane ya rasu, da lissafin bashi, wani da wuri, zambar kaza, wani da sule da fam, da salsalar malaman da aka karɓi karatu daga gare su, da wasiƙa daga ɗan'uwa da ya tafi fatauci ko hajji da ƙafa. Akan kuma ɗaure lokaci da abin da ya faru maimakon lamba, a ce shekarar Kakalaba, wato yunwar wajen 1914, ko shekarar da jirgin ƙasa ya iso.

Dole in gaya miki gaskiya, ba duk abin da za ki gani ne zai faranta miki rai ba. Kina iya cin karo da sunayen bayi a lissafin gado, an jera su tare da dawaki da tufafi, ko takardar fansa ko ta murgu da ke nuna wani na jininki shi ne aka mallaka. Bauta ta daɗe a ƙasar nan, dokar Turawa ta 1901 'ya'yan da aka haifa bayanta kaɗai ta 'yanta, ba a soke abin gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Wannan ba nisa ba ne, zamanin iyayen kakanki ne. In kin ga haka kada ki yaga, kada ki ɓoye wa kanki. Waɗancan sunaye ma na mutane ne, kuma wataƙila wannan takarda ce kaɗai wurin da sunansu ya rage a duniya. Haka nan kundi yakan ƙunshi laƙani da hatimi da sirrin mutanen da suka zo neman taimako. Wannan amana ce, ba abin watsawa a intanet ba ne, ki shawarci manyan gidanku kafin ki nuna wa kowa.

To, ina amfanin gidajen ajiya? Amfaninsu yana zuwa bayan kin samo bakin zare a gida: suna, gari, unguwa, sunan malami, kimanin shekara. Da waɗannan za ki shiga, in ba haka ba za ki ɓata cikin tarin fayiloli. Ke da kike Zariya ba ki da nisa. A Jami'ar Ahmadu Bello akwai sashen binciken tarihin Arewa da ya tara rubuce-rubucen Larabci masu yawa tun shekarun 1960. A Kaduna akwai Gidan Arewa, wanda aka kafa a 1970 a harabar gidan Sardauna, Farfesa Abdullahi Smith ne ya fara shugabantarsa. A Kadunan ne kuma reshen ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa yake, inda aka tsara fayilolin zamanin Turawa lardi-lardi. A can za ki nemi rahoton ƙididdigar haraji na gundumarku da littafin bayanan gunduma, waɗanda sukan kawo sunayen ƙauyuka da dagatai da sana'o'in mutane, da kuma rijistar kotunan alƙalai, inda talaka yake bayyana da sunansa a shari'ar aure ko gado ko bashi. Ki dai riƙa tuna cewa wanda ya rubuta rahoton haraji ya zo ƙirga kawuna da shanu ne, ta bakin tafinta yake ji, kuma yakan lauya sunaye yadda sai kin furta su sau uku kafin ki gane garinku ake nufi. Sakkwato na da hukumar tarihi mai sunan Waziri Junaidu, Kano na da tata a Gidan Ɗan Hausa, gidan tarihi na Jos ma yana da tarin rubutun hannu.

Idan zaren ya ja ki waje, ki bi shi. A Yamai akwai sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami a cibiyar binciken jami'a, wanda tushensa tarin da masanin tarihin Nijar Bubu Hama ya yi ne. In kakanninki fataken goro ne na hanyar Gwanja, ki san cewa Alhaji Umaru, haifaffen Kano a 1858, ya zauna Salga, ya koma Kete Karachi inda ya rasu a 1934, ya bar ɗalibai da rubutu masu yawa da Hausa da Larabci, kuma Jami'ar Gana da ke Legon ta tattara irin waɗannan. In kuwa ana cewa wani reshe na danginku ya yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, to zuriyar masu wannan hijira suna nan a Mai Wurno da kewayenta a Sudan.

Amma kafin duk wannan, ki ceci abin da ke hannunki, domin na ga ɓarnar da ƙauna ta yi fiye da wadda gara ta yi. Kada ki liƙa salatif a wurin da ya yage, gam ɗinsa yana ƙona takarda. Kada ki kai a rufe su da roba mai zafi irin yadda ake yi wa takardar shaidar makaranta, wannan ba ya warwaruwa. Kada ki ƙulle su a leda, gumi zai taru su yi fumfuna, kada kuma ki shanya su a rana. Ki wanke hannu ki bushe, ban da mai, ban da lasar yatsa. Littattafanmu na da ba ɗinke su ake yi ba, warƙoƙi ne a sake, don malam ya iya raba wa ɗalibai da yawa a lokaci ɗaya, saboda haka iska ɗaya ta isa ta hargitsa su. Ki kashe fanka. Ki ɗauki hoton kowane shafi da wayarki, gaba da baya, bisa jerin da kika same su, a hasken rana cikin inuwa. In sun riga sun cakuɗe, ki duba can ƙasan shafi ta hagu, za ki ga kalma ɗaya ita kaɗai: ita ce kalmar farko ta warƙar da ke biye, da ita ake mayar da kowace wurinta. Daga nan ki naɗe su da farin ƙyalle mai tsabta, ki mayar cikin gafakarsu, ki ɗora a wuri mai tsayi nesa da bango da ƙasa, ki riƙa dubawa musamman da damina. Na san al'adarmu ce in takarda mai sunan Allah ta tsufa a binne ta ko a ƙona don girmamawa. Niyya ce mai kyau, amma ina roƙon duk wanda zai yi haka ya ɗauki hoto tukuna, domin sunayen iyaye da yawa sun tafi ta wannan hanya. In daga baya iyali suka ga ba za su iya kula da su ba, sai a yi maganar kai su ma'ajiya, da yardar kowa, a karɓi takardar shaidar abin da aka bayar.

Akwai wani abu a cikin tambayarki da ban so ya wuce. Kin ce takardun kakanki ne, amma a ƙarƙashin gadon kakarki aka same su. Matar nan ta riƙe su shekaru aru-aru bayan mijinta, ta kare su daga gara da ruwa da yara da masu saye. Ki bincika da kyau, ƙila ba duka nasa ba ne. Mata sun yi karatu a ƙasar nan. Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta naɗa jajoji tana ba su malfa, suna kai karatu ga matan ƙauyuka, abin da ake kira 'yan taru. Waƙoƙin wa'azi da na begen Annabi da yawa a ɗakunan mata suka rayu. In kin ga 'yan warƙoƙi na ajami da suka fi sauran laushi da tabon mai ko hayaƙi, mai yiwuwa su ne kakarki take rerawa.

Saboda haka ki nemi wadda ta fi kowa tsufa a cikin ƙawayenta ko ƙannenta da suka rage, tun tana da ƙarfin magana. Ki tafi da hotunan a waya, ki tafi da ɗan goro ko turare, ki sami malami ko malama mai haƙuri da zai karanta muku shafin ƙarshe a bayyane. Ki kunna rikoda, ki bar tsohuwar ta yi ta magana ko da ta kauce hanya. In an zo kan sunan, ki tambaye ta yadda ake kiransa a gida, da inda yake zama in zai yi rubutu, da wanda yake dama masa tawada. Idan kun kai wurin da ya roƙi addu'a, ku dakata ku yi masa.